Yadda ake amfani da kalmar "assert" a Turanci

Kalmar "assert" aikatau ce ta Turanci wadda ta samo asali daga harshen Latin. Ana amfani da ita idan mutum ya faɗi magana da ƙarfin gwiwa, babu inda-inda, ko da akwai masu ja da shi.

Galibi "that" ce ke bin ta. Idan ɗan kasuwa ya tsaya kai da fata cewa ya biya kuɗin kaya, sai a ce: "He asserted that he had paid." Suna ma yana iya biyo ta kai tsaye, kamar "She asserted her rights," wato ta tsaya wa haƙƙinta. Ma'aikacin da ya daina bari ana taka shi kuwa, ana cewa "He asserted himself."

Kalmar ba ta tabbatar da gaskiyar magana, ƙarfin da mai ita ya sa kawai take nunawa. Shi ya sa 'yan jarida da lauyoyi ke yawan amfani da ita. A hira ta yau da kullum, "say" da "insist" sun fi yawo a baki. Kalmomin da suke da tushe ɗaya da "assert" sun haɗa da "assertion" da "assertive".