Mad Max 2: Fim ɗin da ya mai da fetur abin zubar da jini

Tun da George Miller ya fitar da Mad Max 2 a 1981, akasarin finafinan da ke hasashen rushewar duniya daga gare shi suke aron kamanni: hamada, tarkacen motoci da 'yan fashi sanye da fata da ƙarafa. An ɗauke shi a kusa da Broken Hill, a Ostireliya. Labarin bai wuce wata ƙaramar matatar mai da aka yi wa ƙawanya ba, kuma jarumin, Mel Gibson, da wuya yake buɗe baki. Matsalar man 1973 ce tushen tunanin. Duk wanda ya taɓa kwana a layin gidan mai zai gane tsoron da ke ciki. Fim ɗin Waterworld na 1995 da wasan kwamfuta na Fallout sawunsa suka bi.