Karatu Da Kunne



Yau maganarmu a kan yaran da littafi ke ba wuya ce, kuma kashi biyu ne. Akwai makafi da masu raunin gani. Akwai kuma waɗanda idonsu ƙalau yake, amma haruffa ba sa haɗuwa musu su zama kalma. Wannan ita masana ke kira disleksiya. Za ki ga yaro ya kai aji huɗu, in kin ba shi labari da baki ya maido miki da shi tiryan-tiryan, amma a ce ya karanta layi ɗaya sai gumi ya keto masa. Sai a ce daƙiƙi ne, a hau shi da bulala. To 'yar'uwa, ba daƙiƙanci ba ne. Matsalar tana wajen yadda ƙwaƙwalwa ke haɗa harafi da sautinsa, kuma sau da yawa gadonta ake yi. Tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira da karatu ya gagara.

Abin da ya haɗa yaran nan shi ne kunnensu lafiya lau. A nan littafin saurare ke shigowa, wato a karanta littafi a naɗi muryar, ɗalibi ya yi ta ji har ya gane. A Ingila an fara shi a 1935, a kan faifan garmaho, domin sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mu ma ai ba baƙonmu ba ne. Littattafan Hausa nawa muka ji a rediyo muna tsaka da girki? To me zai hana a yi wa littafin makaranta haka?

Doka ma tana bayanmu. A 2013 aka ƙulla Yarjejeniyar Marrakesh a Maroko, Najeriya ta amince da ita a 2017. Ita ta buɗe hanyar mayar da littafi murya ko rubutun makafi domin irin waɗannan yara ba sai an jira izinin mai shi ba. Tun 2017 kuma hukumar JAMB ke yi wa makafi tsari na musamman wajen jarrabawar shiga jami'a. Ga makarantu irin ta Gindiri a Filato, da aka buɗe a 1953, da ta Tudun Maliki a Kano.

To me za ki yi a gida? Fara kai yaron asibiti a duba idonsa, don wani tabarau kawai yake buƙata. Sannan ki ɗauki wayarki ki naɗi darasin, ke ko yayarsa, minti goma-goma, a faɗi babi da shafi kafin a fara. Mai disleksiya ya riƙa bin layin da yatsa yana saurare. Wayoyin Android kuma suna da TalkBack mai karanta abin da ke fuskar waya. Ki je ki sami hedimasta da kanki, ki roƙa a ƙara wa yaron lokaci a jarrabawa.

Amma fa a kula, saurare bai ɗauke koyon rubutu ba. Makaho sai ya koyi rubutun Braille, mai disleksiya sai an bi shi harafi da sauti, sannu a hankali.

Don Allah iyaye, kada a zaunar da yarinya a ɗaka ko a tura ta bara don ba ta gani. Allah Ya raya mana su. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, ku huta lafiya.