Filin jirgin Yamai: titi ɗaya, ga soja ga ɗan kasuwa

Duk Hajiyar da ta taɓa zuwa sarin kaya Dubai ko Istambul ta san irin wannan zama. An auna bagaji, an buga hatimi a fasfo, ƴan rakiya sun koma gida, sai a ji sanarwa cewa jirgi zai yi jinkiri. Nan take zance ya tashi. Wasu su ce kamfani ne ya raina mutane, wasu su ce wani babba ake jira. Sau da yawa kuwa ba ko ɗaya. Dalilin yana can waje, bisa titin da jirgi ke gudu kafin ya tashi, da kuma sararin samaniya.

Filin jirgin saman Yamai, mai ɗauke da sunan Diori Hamani, shugaban ƙasarmu na farko, gida biyu ne cikin shinge guda. Gefe ɗaya na fasinja, ɗaya gefen sansanin sojan sama mai lamba 101. Sojojin Faransa sun bar shi a Disamba 2023, na Amurka a Yuli 2024, amma namu suna nan da jiragensu. Babban titin kwalta kuwa ɗaya ne: shi jirgin alhazai ke bi, shi na kaya ke bi, shi na soja ke bi. Ma'aikatan ASECNA da ke hasumiya su ke ba kowa izini bi da bi, kuma jirgin da ya ɗauko masu rauni ko ya sami matsala a sama shi ake fara saukarwa. Wannan maƙwabtaka tana da nauyinta: a ƙarshen Janairu 2026, da ƴan bindiga suka kai hari sansanin cikin dare, harsashi ya taɓa har jiragen fasinja da ke ajiye.

Titin ya miƙe ne daga gabas zuwa yamma, kuma da dalili. Jirgi yana tashi yana sauka ne fuskarsa na kallon iska. A nan ƙasar, iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damana daga kudu maso yamma. Da can tsawonsa mita 3000 ne. A 2019, gab da taron shugabannin Tarayyar Afirka, kamfanin Summa na Turkiyya ya gina sabon zauren fasinja, aka kuma ƙara wa titin tsawo.

To, me tsawon titi ya haɗa da jakar ƴar kasuwa? Bazara ce amsa. A watannin Afrilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40. Iska in ta yi zafi sai ta yi sako-sako, fikafikai da injin ba su samun abin kamawa sosai. Jirgi mai nauyi sai ya yi doguwar gudu kafin ya ɗaga. In lissafin matuƙi bai cika ba, dole a rage lodi, kuma kaya ake fara saukewa kafin mutum. Shi ya sa tashin dare ya fi wa babban jirgi sauƙi.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo ne matsalar. Akwai na'urori masu jagorar jirgi har kusa da ƙasa, amma a ƙarshe sai idon matuƙi ya ga titi ko fitilunsa. In bai gani ba, doka ta ce ya sake ɗagawa, ya yi ta kewaya, ko ya nufi wani gari kamar Wagadugu.

Damana kuma ta zo da nata. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, ƙura a gaba, iska mai ƙarfi, sannan ruwa. Ba mu manta da jirgin Air Algérie ba, wanda ya tashi daga Wagadugu ranar 24 ga Yuli 2014, ya kauce hanya saboda hadari, ya faɗi cikin ƙasar Mali da mutum 116. Duk wanda ya tuna wannan rana ba zai zagi matuƙin da ya ce a dakata awa ɗaya ba.

Saboda haka, ƴan uwa ƴan kasuwa, mu yi wa kanmu tanadi. Wadda za ta canza jirgi a wani gari, kada ta sayi biye mai ɗan tazara lokacin hazo. Kuɗi, magani, takardu da rasit ɗin kaya su kasance a jakar hannu. Ƴar takardar nan da ake mannawa bayan an auna bagaji, a adana ta, don ita ce shaida in kaya suka kwana baya. Mai tasowa daga Maraɗi, Damagaram ko Tawa kuwa, ya ƙara guzurin kwana ɗaya.

Muna kuma kira ga hukumomin filin da kamfanonin jirage. Fasinja ba ya jayayya da ikon Allah, kuma ba ya neman sirrin soja. Abin da ke ci masa rai shi ne a bar shi zaune babu bayani. A faɗa masa dalili, da Hausa da Zabarmanci, ba da Faransanci kaɗai ba. Wanda ya san abin da yake jira, haƙurinsa ya fi tsawo.

Allah ya kai mu lafiya, ya maido mu lafiya.