Baƙi Biyu, Murya Ɗaya

Kun riga kun san baƙi, kun san wasali. Wasulanmu biyar ne: a, e, i, o, u. In aka haɗa baƙi da wasali sai a sami gaɓa, kamar ba, ki, mu.

To, akwai inda baƙi biyu kan haɗu su ba da murya ɗaya tak. Ku faɗi shanu. Ku faɗi tsamiya. Ba a cewa s daban, h daban. Irin wannan shi ake kira baƙi mai goyo, watau ɗaya ya goya ɗaya. Wasula ma sukan haɗu, kamar ai na aiki da au na aure. Su ne tagwayen wasula.

Turanci ma yana da wannan, har ya fi namu yawa. Haruffansa 26 ne, amma muryoyinsa sun kai wajen 44. Don haka tilas a riƙa haɗa biyu su yi aikin ɗaya.

Sh na Turanci daidai yake da namu. Ph kuwa f ne, kamar a photo, wanda muka mayar hoto. Ee yakan ba da i mai tsawo, oo kuma sau da yawa u ne, kamar a school. Th ba mu da shi a Hausa. Sai mutum ya sa bakin harshensa tsakanin haƙora ya hura. Wani lokaci ma akan rubuta baƙi ba a faɗinsa, kamar k na knife, watau wuƙa.

Amma wanda ya fi ruɗa mai koyo shi ne ch. Muryar da mu ke rubutawa da c kaɗai, kamar a ciki da cokali, ita Turawa ke rubutawa ch. C nasu shi kaɗai kuwa wani lokaci k ne, wani lokaci s. Shi ya sa za ku ga an rubuta Bauchi da Kafanchan a jikin mota ko a tashar jirgi. Rubutun Turawa ne ya zauna wa sunayen. Kada wannan h ya tsayad da ku har mota ta tashi. Ku karanta kamar babu shi. Amma in kuna rubuta wa ɗan'uwa wasiƙa da Hausa, ku rubuta ciwo, kada ku sa chiwo.

Gobe kowa ya zo da kalmomi uku masu baƙi mai goyo a allonsa.