Fifet: Sandar Hukuma ko Bakin Ɗalibai?

Duk shekara, idan 'yan aji shida suka duƙufa shirin jarrabawar WAEC da NECO, makarantun sakandare kan sauya shugabannin ɗalibai. A tara yara a filin asambuli, firinsifal ya hau dandamali da takarda a hannu, ya shiga kiran sunaye daga 'yan aji biyar: wane ne hedboi, wane mataimakinsa, wane fifet na abinci, wane na leba, wane na lafiya, wane mai buga ƙararrawa. A maƙala musu baji a ƙirji, a yi tafi, a watse. Daga ranar yaro ɗan shekara 16 ya sami ikon da wani malamin ma ba shi da shi, domin malami da an tashi ya kama hanyar gida, fifet kuwa da shi ake kwana, da shi ake tashi.

Na daɗe ina koyar da lissafi a makarantar kwana ta maza, na kuma riƙe ɗakin kwanan ɗalibai shekaru masu yawa. Abin da zama cikin yara ya nuna mini shi ne, mun iya ba ɗalibi iko, amma ba mu iya ba shi baki ba. Muna naɗa shi ya kai umarninmu ƙasa, ba mu buɗe masa hanyar da zai kawo kukan 'yan uwansa sama ba.

Daga ina tsarin ya zo?

Wannan tsari baƙo ne, daga Ingila ya taso. Thomas Arnold, wanda ya shugabanci makarantar Rugby daga 1828 zuwa 1842, shi ya fi shahara da damƙa wa manyan ɗalibai ragamar ladabtar da ƙanana. Da Turawa suka kafa Kwalejin Katsina a 1921, da wannan salo suka zo. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau, inda har gobe ake kiran gidajen kwana da sunaye irin su Lugard, Clifford, Ɗan Hausa da Nagwamatse. Ta yaye su Sardauna Ahmadu Bello, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Shehu Shagari, Yakubu Gowon da Murtala Muhammad. Daga irinta ne sauran makarantun gwamnati na Arewa suka kwaikwayi rabon gidaje, da kyaftin na gida, da monita na aji.

Tsarin ya yi daidai da yadda Turawa ke mulkin ƙasar baki ɗaya. Su 'yan kaɗan ne, saboda haka suka yi mulki ta hannun sarakuna da hakimai. A makaranta ma malamai 'yan kaɗan ne, sai suka yi mulki ta hannun manyan ɗalibai. Ba a gina shi don a ji ra'ayin yaro ba, an gina shi ne don a samu tsit da oda. Turawa sun tafi a 1960, tsarin ya zauna, kuma yawan ɗalibai da ƙarancin malamai suka ƙara masa ƙarfi.

Ba na cikin masu cewa a rushe shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar ɗakin cin abinci da ɗaruruwan yara masu jin yunwa ya san ba don fifet ba, da gabzar ma ba za ta kai ga 'yan aji ɗaya ba. Su ke tada yara sallar asuba, su ke raba shara, su ke ɗaukar mara lafiya zuwa kilinik tsakar dare. Matsalar ita ce abin da ake auna su da shi. Fifet nagari a idon yawancinmu shi ne wanda in ya ɗaga murya hostal ya yi shiru. Shi ya sa kayan aikinsa suka zama bel, tsallen kwaɗo, kamun kunne da yankan ciyawa cikin rana. Ɗan aji ɗaya ya sha wuya ya haɗiye, yana lissafin shekarun da suka rage nasa lokacin ya zo. Haka zalunci ke zama gado, kowane aji ya miƙa wa na bayansa.

Abin da yaro ya sani, malami bai sani ba

Da ka kawo zancen sauraren ɗalibai a ɗakin malamai, wani zai ce maka abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne a kan manhaja da kasafi da abin da ya shafi gobensa. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma hostal ɗakin yara ne, ba namu ba.

Akwai zangon da malamai suka yi ta ƙorafin 'yan aji ɗaya na gyangyaɗi a darasin farko. An ce lalaci ne, an ce hira suke kwana yi, an yi bulala, ba abin da ya sauya. A zaman majalisar ɗalibai da muka fara a lokacin, wakilin aji ɗaya ya miƙe, wani ɗan siriri da rigarsa ta yi masa yawa, hannunsa na rawa a kan takardar da ya rubuto. Ya kalli firinsifal ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ma samun ruwa da yamma. Siniyoyi ke cika famfo. Mu sai ƙarfe huɗu na dare muke tashi mu bi layi, kuma sai mun cika bokitinsu kafin namu." Ɗakin ya yi tsit. Hedboi ya sunkuyar da kai, domin ya sani, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa. A ranar aka raba lokacin famfo gida-gida da aji-aji, aka rubuta a kwali aka liƙa a jikin tanki, aka hana kowa aiken ƙaninsa ɗebo ruwa. Ba a kashe ko kwabo ba. Gyangyaɗin ya ragu har malamai suka daina maganarsa.

A makarantun 'yan mata abin ya fi haka. Yarinya ba za ta iya tsayawa gaban firinsifal namiji ta faɗi halin da banɗaki yake ciki ba, ko dalilin da ya sa take ƙin zuwa aji wasu kwanaki a wata. Hedgel za ta faɗa wa. In babu hanyar da hedgel za ta kai maganar inda za a yi aiki da ita, a nan za ta mutu.

Sauraren yaro kuma ba alfarma ba ce. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ya ba yaro damar faɗin ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi, a kuma auna ra'ayin gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Najeriya ta sa hannu, ta kuma yi tata Dokar Haƙƙin Yara a 2003. Ko a kwamitin kula da makaranta na al'umma, wanda aka fi sani da SBMC, an ware wa wakilan ɗalibai kujera. Sai dai sau da yawa aikinsu a wurin taron bai wuce jera kujeru da raba ruwa ba.

Bakin da aka toshe kuwa ba ya mutuwa, wata ƙofa yake nema. Yawancin boren da ke tashi a makarantun kwana, a farfasa tagogi a kori kowa gida, in ka bi salsala za ka tarar da wake mai ƙwari ko rashin ruwa da aka yi watanni ana gunaguni a kai. Maƙwabtanmu na Nijar sun san nauyin muryar ɗalibi: ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai, uku suka rasu, kuma abin ya zama cikin manyan dalilan da suka kai ƙasar ga Babban Taron Ƙasa na 1991.

Yadda ake buɗe hanyar

Abu uku na ga sun yi aiki. Na farko zaɓe. Malamai su tace 'yan takara ta fuskar hali da karatu, sannan a bar ɗalibai su jefa ƙuri'a a asirce, bayan kowane ɗan takara ya tsaya gaban makaranta ya faɗi abin da zai yi. Ƙuri'ar ɗan aji ɗaya daidai take da ta ɗan aji biyar, kuma wannan kaɗai kan sa mai neman hedboi ya fara tausasa harshe ga ƙanana. Zaɓen yara ba ya rasa cutar zaɓen manya: za ka ga rabon alawa da biskit, za ka ji "ɗan garinmu ne". Gara su gamu da wannan a makaranta, inda malami zai soke takarar mai raba alawa a gaban kowa ya faɗi dalili.

Na biyu zama na ƙa'ida, sau ɗaya a wata, da wakili daga kowane aji, ba fifet kaɗai ba. Ƙanana su fara magana, domin in siniya ya riga su ba mai iya saɓa masa.

Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, amsa. Duk abin da aka kawo a rubuta shi, a liƙa amsar hukuma a allon sanarwa: wannan an yi, wannan sai zango mai zuwa, wannan ba zai yiwu ba saboda kaza. Yara na iya jure "a'a" mai dalili. Abin da ke kashe musu gwiwa shi ne akwatin ƙorafin da mabuɗinsa ya ɓata tun bara.

Yaya da ƙane

Sabon ɗalibi ɗan shekara 11 ko 12, wanda bai taɓa kwana nesa da uwarsa ba, dole ya nemi wanda zai raɓa. In makaranta ba ta ba shi ba, zai samo da kansa, ko a same shi. A nan ake samun uwar ɗaki da 'yar ɗaki a makarantun mata, da yaron siniya a na maza. Wani lokacin zumunci ne na gaskiya da ke ɗorewa har tsufa. Sau da yawa kuma ciniki ne: kariya a gefe guda, wankin yunifom da sukari da madara da garin kwakin da aka kawo ranar ziyara a ɗaya gefen.

Ba sai mun je wata ƙasa neman gyara ba. A tsangaya, alaramma ba shi ke bin kowane allo ba. Gardi ne ke rubuta wa ƙolo, ya biya masa, ya saurari haddarsa, kuma da wannan biyawar nasa karatun ke ƙara zama. Tsangaya ma ba ta rasa bulala ba, amma girman gardi a kan karatu aka ɗora shi, kuma malam na kusa yana gani. Ƙungiyoyin addini na ɗalibai, MSS da aka kafa a 1954 da FCS da aka kafa a 1957, sun daɗe suna irin wannan a ƙarshen mako, manya na koya wa ƙanana.

Abin da muka yi a makarantarmu shi ne makaranta ta raba ƙanana ga manya da kanta. Kowane ɗan aji biyar da aka yarda da halinsa aka ba shi sababbi biyu ko uku. Rabin sa'a a lokacin firef nasu ne. Sharaɗi uku: ba aike, ba taɓa kayan loka, kuma duk abin da ya shafi rashin lafiya, duka ko wani abin kunya da aka yi wa yaro, ba sirri ba ne, a kawo wa malami a daren.

Wani dare ina zagaye na tsaya bayan taga. Wani ɗan aji biyar, wanda a ajina da ƙyar yake buɗe baki, ya sa ƙannensa biyu a gaba ƙarƙashin fitilar sola, yana koya musu tara rabi da sulusi. Ya ja layi a takarda ya raba shi shida, ya ce da Hausa, "Rabi gida nawa ya ci? Sulusi fa? To ƙirga." Ɗayan ya ƙirga da bakin biro ya ce, "Biyar cikin shida, Yaya." Ya ce, "To me ya sa ɗazu ka rubuta biyu cikin biyar?" Yaron ya yi dariya ya goge. Kuskuren da yake jin kunyar nuna mini a gaban mutum sittin, ya nuna wa yayansa ba fargaba. Shi kuma yayan, tun da ya san za a tambaye shi, ya koma buɗe littafin aji ɗaya da ya manta, har nasa lissafin ya miƙe.

Makarantun jeka-ka-dawo ma na iya yi. Monitan da aikinsa kawai rubuta sunayen masu surutu, ana iya ƙara masa na lura da wanda ya kwana biyu bai zo ba, da sanar da malamin aji tun kafin yaron ya ɓace gaba ɗaya.

Rabon iyaye

Ranar ziyara yawancinmu tambaya biyu muke yi: ya karatu, kuma kuɗi sun ƙare? A ƙara uku. Wa ke kula da kai a cikin manya? Wa kake yi wa wanki? In abu ya dame ka, wa kake faɗa wa, kuma me ya biyo baya da ka faɗa? Wanda ɗansa ya zama fifet kuma, kafin ya yi murnar baji, ya tambaye shi yara nawa ya koya wa wani abu a wannan zangon, da kukan wa ya kai ofis.

A taron iyaye da malamai kuwa, a nemi a ga rajistar majalisar ɗalibai da amsoshin da aka bayar. In babu, a nemi a fara. Waɗannan yaran su ne kansiloli da daraktoci da hakiman shekaru 20 masu zuwa. Wanda ya shekara shida yana koyon cewa shugabanci shi ne na ƙasa ya ɗebo maka ruwa, kada mu yi mamakin abin da zai yi da kasafin ƙaramar hukuma.