Kuskuren da Wuta ke Gyarawa da Wanda Ba ta Gyarawa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai jama'a da yawa da suke dafa giyarsu a gida, musamman tun da hukumar Ingila ta ɗage musu wajabcin lasisi a 1963, Amurka kuma ta yarje musu a dokarta a 1978. Babu kuwa abin da yake damun sabon shiga cikinsu kamar fargabar ko ɗan kuskuren da ya yi ya ɓata masa aiki baki ɗaya. Hukuncin giya a shari'armu sananne ne, haramun ce babu saɓani, kuma ba don kwaɗaitar da kowa muka ɗauko wannan mas'ala ba, sai don ilmin da ke ƙarƙashinta shi ne ilmin kunun zaƙi da nono da zoɓon da iyayenmu mata suke sarrafawa kullum.

Wajen dafa giyar, ana jiƙa tsiron sha'ir a ruwa mai zafin kimanin digiri 65 har garinsa ya koma sukari, a tace, a tafasa ruwan kamar sa'a guda, a huce shi, sannan a zuba masa yis. Duk kuskuren da ya auku kafin tafasa, ko an ƙara dunƙulen hatsi, ko zafi ya ɗan gota da digiri ɗaya ko biyu, galibi iyakarsa ya sauya launi ko ɗanɗano kaɗan, domin wuta za ta bi bayansa ta kashe abin da ya faɗa ciki.

Amma da zarar an sauke tukunya, ruwan nan mai zaƙi ya huce, to, al'amari ya sake; ludayin da ba a wanke sosai ba, ko ɗan yatsan da aka tsoma don jin ɗumi, ko dauɗar da ta maƙale a tsagin tsohuwar roba inda soso ba ya kaiwa, ya isa ya shigar da ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, su hayayyafa cikin 'yan kwanaki, su mayar da abin tsami mai yauƙi. Wannan shi ne abin da malamin Faransa Louis Pasteur ya tabbatar da madubin bincike, ya bayyana hujjojinsa a littafinsa na 1876, kafin Emil Hansen ya tsame yis zalla marar gauraye a ɗakin binciken Carlsberg na Denmak a 1883. Haka kuma idan aka zarce da sukari lokacin ɗurawa a kwalba, iska takan taru har kwalbar ta fashe ta ji wa mutum rauni.

Wanda ya taɓa ganin gorar kunun zaƙi ta kumbura da la'asar, tana huci in an buɗe marfi, ya ga wannan aiki da idonsa. Ya zo a Sahihu Muslim cewa tsimin da ake jiƙa wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ba ya ajiye shi ya wuce kwana na uku. Saboda haka muna roƙon masu sana'ar kunu da zoɓo su wanke goruna da sabulu da ruwan zafi, su nisantar da hannu daga abin da aka riga aka dafa, su ajiye shi a wuri mai sanyi, kada kuma su haɗa kwantan jiya da na yau.