Ciwon Hanta: Gado Ne Ko Ɗauka Ake Yi?

A ƙauyukan Dutsin-Ma da Kurfi, idan ciwon hanta ya kashe mutum biyu ko uku 'yan ɗaki ɗaya, sai a ce gado ne. Wasu kuma su ce sammu ne. Likitoci sun gano cewa sau da yawa wata ƙwayar cuta ce mai suna hepatitis B. Ido ba ya ganinta. Cikin jini take zama.

Uwa mai ɗauke da ita tana iya shafa wa jaririnta wajen haihuwa. Ita kanta uwar ba lallai ta sani ba, don tana iya yin shekaru ba ta ji ciwo ba. Babban mutum in ya kamu, yawanci jikinsa yakan kore ta. Jarirai kuwa, cikin goma da suka kamu, wajen tara za su girma da ita. Sai an manyanta hanta ta lalace, ciki ya kumbura, ido ya yi shawara.

To, ina maganar gado? Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A shekarar 1995 masu bincike a ƙasar Gambiya sun nuna cewa wasu mutane sun gaji wata halitta daga iyayensu wadda ke taimakon jiki ya kore ƙwayar. Wasu ba su gaje ta ba. Ashe ƙarfin jiki ake gada, ita cutar ɗaukarta ake yi. Kuma ko ungozomar da ta fi kowa daɗewa ba ta iya duban jariri ta ce wannan ya gaji ƙarfin. Abin da ya fi gadon nauyi shi ne yawan ƙwayar a jinin uwa. Shi ya sa mai ciki za ta nemi a gwada jininta wajen awo. In ƙwayar ta yi yawa, akwai maganin da ake ba ta.

Tun 2004 Nijeriya ta sa allurar wannan cuta cikin rigakafin yara, kyauta. Ta farko cikin awa 24 da haihuwa ake yinta. Nan ne ake sakaci: a haihu a gida, a ce sai bayan suna. Kwana bakwai ya yi nisa. Mai jego ta zauna, maigida ko kaka su kai jariri asibitin Dutsin-Ma, ko na Kurfi, ko ɗakin shan magani mafi kusa. Sauran alluran a sati 6 da 10 da 14 ne.

Kada a hana shi nono. Ranar suna kuma, wanzami ya zo da sabuwar reza.